Awon Ƙasa da Tsarin Tawunshif da Sashe a Amurka: Daga Mafarin Awo Zuwa Turken Gona

Takardar mallakar gona a jihar Nebraska ta ƙasar Amurka ba ta faɗin sunan maƙwabci, ba ta kuma cewa daga bakin rafi zuwa gindin bishiya kaza. Layi ɗaya take ɗauke da shi, kamar haka: SW¼NE¼ Sec. 14, T. 3 N., R. 5 W., 6th P.M. Wannan layi na tsarin awon ƙasa ne da ake kira na tawunshif da sashe, yana nuna fili mai eka 40, kuma babu fili na biyu a faɗin ƙasar da zai amsa wannan suna. Jihohi 30 ne ke kan wannan tsari, wato kusan duk tsakiya da yammacin ƙasar, har da Alaska da Florida. Tsofaffin jihohi 13 na gabas da Texas da Hawaii da wasu 'yan kaɗan suna kan tsohuwar hanya, inda ake bin iyaka daga alama zuwa alama ana faɗin tsawo da fuskar da layi ya nufa, irin yadda aka saba gani a takardun safiyo na Najeriya.

Tsarin ya samo asali daga dokar filaye ta 20 ga Mayu, 1785. Sabuwar gwamnati na fama da bashin yaƙin neman 'yanci, abin sayarwarta kuwa ƙasa ce, ƙasar da aka karɓe daga hannun 'yan asalin nahiyar ta hanyar yaƙi da yarjejeniyoyi. Sai aka tsayar da cewa a auna kafin a sayar. A wannan shekara safiyon gwamnati Thomas Hutchins ya fara aikin a bakin kogin Ohayo, daidai iyakar Fensilbaniya. An kafa ofishin filaye na tarayya, GLO, a 1812, a 1946 kuma aka haɗe shi da hukumar kula da makiyaya aka samu hukumar kula da filayen tarayya, BLM, wadda take riƙe da takardun da ƙa'idojin aikin har yau.

Tun daga nan ka riƙe abu ɗaya, domin duk sauran bayanin a kansa yake. A takarda kowane sashe murabba'i ne cif, mil ɗaya ta kowace fuska. A ƙasa da wuya ka samu wanda ya cika hakan. Dokar 11 ga Fabrairu, 1805 ta raba gardama: kusurwar da safiyon gwamnati ya kafa tun farko ita ce kusurwa, layin da ya bi ya yi wa alama shi ne iyaka, ko da awonsa ya kauce. Aikin safiyon yau shi ne ya bi sawun na farko ya gano inda ya sa turke. Gyara masa awo ba ya cikin aikin.

Ma'aunin da aka yi aikin da shi

Duk tsofaffin takardun da ma'aunin sarƙa aka rubuta awonsu. Sarƙar Gunter tana da tsawon ƙafa 66, wato mita 20.12, an kasa ta zobe 100, kowane zobe inci 7.92. Sarƙa 80 ita ce mil ɗaya, mita 1,609. Sarƙa murabba'i 10 kuma eka ɗaya ce, shi ya sa lissafin fili yake da sauƙi: ka ninka tsawo da faɗi a sarƙa, ka raba da 10, ka samu eka. Fili mai sarƙa 20 da 20 ya ba da 400, a raba da 10, eka 40 ke nan. Idan ka ga an rubuta 39.20, ana nufin sarƙa 39 da zobe 20.

Eka ɗaya ƙafa murabba'i 43,560 ce, kimanin hekta 0.405, wato fuloti mai ƙafa 50 da 100 guda takwas da ɗoriya. Tawunshif murabba'i ne mai mil 6 ta kowace fuska, a cikinsa akwai sashe 36. Sashe ɗaya eka 640 ne, kusan hekta 259. Rubu'insa eka 160 ne, wanda shi ne kason da dokar 1862 ta ba duk magidancin da ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar. Rubu'in rubu'i eka 40.

Mafari da manyan layuka biyu

Kowane yanki yana da mafarin awonsa, wuri ɗaya da aka tabbatar da matsayinsa ta duban rana da taurari aka kafa masa alama mai ƙarfi. Daga nan ake fitar da layi biyu. Ɗaya ya miƙe arewa da kudu sak, shi ne babban layin arewa-kudu, wanda takardu ke rubutawa P.M. Ɗayan ya bi gabas da yamma, shi ne layin tushe. Irin waɗannan manyan layuka 37 ne a ƙasar, wasu da lamba wasu da suna. Mafarin layi na biyar yana cikin wata fadama a jihar Arkansas, an kafa shi a 1815, kuma daga can ake ƙirga gonakin Missouri da Iowa har North Dakota. Layin tushe na layi na shida shi ne digiri 40 arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, wanda shi ne iyakar Kansas da Nebraska. Kalifoniya ita kaɗai tana da uku: Mount Diablo da San Bernardino da Humboldt.

A kan layukan biyu ana kafa alama duk bayan sarƙa 40. Ta rabin mil kusurwar rubu'i ce, ta mil ɗaya kusurwar sashe, ta mil 6 kusurwar tawunshif.

Layin arewa-kudu miƙaƙƙe ne, ba ya ba da wahala. Layin tushe kuwa lanƙwasasshe ne, domin yana bin zagayen duniya ne a kan latitud ɗaya, wato nisa ɗaya daga ikwaita. Idan ka tsaya a digiri 40 ka fuskanci gabas sak ka miƙa layi ɗoɗar, bayan mil 3 ka sauka kudu da layin tushe da kimanin ƙafa 5, bayan mil 6 da kimanin ƙafa 20. Kaucewar tana ƙaruwa ne da ninkin tazara a kanta, shi ya sa ninka tafiya biyu ke ninka ta huɗu. Don haka safiyo yakan miƙa layinsa, sannan a kowace sarƙa 40 ya koma arewa da adadin da teburin lissafi ya ba shi kafin ya kafa alama.

Da farko da kamfas mai allurar maganaɗisu ake neman arewa, allurar kuwa ba ta nuna arewa ta gaskiya, kuma inda akwai tama a ƙasa sai ta rikice gaba ɗaya. William Austin Burt ya yi rajistar kamfas mai aiki da rana a 1836, wanda ya magance wannan. A 1844 rikicewar allurarsa ce ta sa ayarinsa suka gano tamar ƙarfe a arewacin Mishigan. Idan kana bin tsohon awo, ka duba shekararsa da na'urar da aka yi shi da ita, domin layin da aka ja da allura zai iya kaucewa da fiye da digiri guda.

Matsalar tsukewa da layin gyara

Duk layukan da suka nufi arewa ta gaskiya a ƙuryar arewa ta duniya za su haɗu, saboda haka suna matsowa juna a hankali. A digiri 40, layi biyu masu tazarar mil 6 suna tsukewa da kimanin ƙafa 40, wato zobe 61, a cikin tafiyar mil 6. Ke nan gefen arewa na kowane tawunshif ya fi na kudu gajarta. Da an bar abin yana taruwa, da tawunshif na can nesa ya koma siriri.

Maganin shi ne layin gyara. Duk bayan mil 24 arewa ko kudu da layin tushe ana jan sabon layin gabas-yamma, a sake auna cikakken mil 6-6 a kansa tun daga babban layin arewa-kudu. Haka kuma duk bayan mil 24 gabas ko yamma ana jan layin jagora, wanda ke tashi daga layin gyara na kudu ya nufi arewa har ya ci karo da na gaba. Wannan ya ba da babban murabba'i mai tawunshif 16. A tsofaffin ayyuka tazarar ba lallai ta zama 24 ba, akwai wuraren da aka yi 30, wasu har 60, don haka ka duba taswirar yankin kafin ka ƙirga.

Sakamakon haka shi ne a kan layin gyara akwai kusurwa iri biyu. Waɗanda aka kafa lokacin jan layin na sassan da ke arewa da shi ne. Waɗanda aka kafa inda layin da ya taso daga kudu ya zo ya tsaya, wato kusurwar rufewa, na sassan kudu ne. Tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa gwargwadon nisa daga babban layi. A digiri 40, a layin jagora na farko ta kai kimanin ƙafa 645, kusan mita 197. Wannan ne dalilin da hanyoyin karkara a can sukan miƙe mil da yawa, sai kwatsam su karya kwana su ɗan bi gabas ko yamma, su sake miƙewa arewa. Mai neman kusurwa a irin wannan wuri da ya ɗauki ta arewa ya auna gonar kudu da ita ya shiga gonar wani ke nan.

Ƙirgan tawunshif da lambar sashe

Sahun tawunshif ana ƙirga shi daga layin tushe zuwa arewa ko kudu, a rubuta shi da harafin T. Jerin kuma ana ƙirga shi daga babban layi zuwa gabas ko yamma, a rubuta shi da R. Haruffan fuska huɗu ne: N arewa, S kudu, E gabas, W yamma. T. 3 N., R. 5 W. yana nufin sahu na uku arewa, jeri na biyar yamma, wato murabba'in da ke tsakanin mil 12 da 18 arewa da layin tushe, tsakanin mil 24 da 30 yamma da babban layi.

Tun daga dokar 1796, lambar sashe tana farawa ne a kusurwar arewa maso gabas. Sashe na 1 zuwa na 6 sun tafi yamma, na 7 yana ƙarƙashin na 6, daga nan a dawo gabas zuwa 12, na 13 yana ƙarƙashin 12, a sake komawa yamma, kamar yadda garmar shanu take juyawa a ƙarshen kunya. Na 31 yana kudu maso yamma, na 36 kudu maso gabas. Zana wannan a takarda sau biyu ko uku har ya zauna maka, domin yawancin kurakuran sabon shiga a nan suke. Sashe na 16 doka ta keɓe shi don tallafa wa makarantu, daga baya a jihohin yamma aka ƙara na 36.

Yadda ake yanka tawunshif

Bayan an auna iyakoki huɗu na waje an kafa musu alamu, yankan ciki yana farawa daga kudu maso gabas ya ƙare a arewa maso yamma. Wannan jerin aiki ne yake bayyana inda kuskure ke taruwa, don haka ya cancanci a bi shi dalla-dalla.

Safiyo ya tsaya a iyakar kudu, a kusurwar da ke tsakanin sashe na 35 da na 36. Ya nufi arewa daidai da yadda iyakar gabas ta tafi. A sarƙa 40 ya kafa kusurwar rubu'i, a sarƙa 80 ya kafa kusurwar da sassa huɗu suka haɗa, 25 da 26 da 35 da 36. Daga nan ya juya gabas da layin gwaji, yana neman kusurwar da aka riga aka kafa a iyakar gabas, ya bar turken wucin gadi a sarƙa 40. A ce ya isa iyakar a sarƙa 80.10, ya faɗo zobe 14 arewa da kusurwar. Minti ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, yana kawo kaucewar zobe 2 da sulusi a mil guda, don haka zobe 14 minti 6 ne. Sai ya tsaya a kan kusurwar ya dawo yamma a kan tabbataccen layi, yana karkata arewa da minti 6. Kusurwar rubu'i ta koma tsakiya, sarƙa 40.05, wato ya matsar da turken wucin gadi zobe 5 gabas da zobe 7 kudu.

Haka zai ci gaba mil bayan mil, arewa sannan gabas, har ya zo tsakanin sashe na 1 da na 2. A nan layin arewa ma na gwaji ne, domin akwai iyaka a gabansa. Kusurwar rubu'i tana nan a sarƙa 40 daga kudu, duk rara ko giɓi kuma a rabin mil na ƙarshe ake zuba shi. Sai ya dawo iyakar kudu ya fara tsakanin 34 da 35. A jeri na ƙarshe yakan ja layin gwaji gabas da yamma duka, kuma a na yamma kusurwar rubu'i tana sarƙa 40 daga gabas, tsukewar layuka da kuskuren sarƙa duk su faɗa rabin mil da ke jikin iyakar yamma. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada layi ya kauce wa fuskarsa da fiye da minti 21, kada kuma rabin mil ya saɓa da fiye da zobe 25.

Saboda haka sassa 11 ne suke ɗaukar nauyin sauran: 1 zuwa 6 a arewa, da 7, 18, 19, 30, 31 a yamma. A cikinsu layin filayen da ke jikin iyaka ba a kiran su rubu'in rubu'i, gutsattsari ne masu lamba, takarda tana rubuta su Lot, kowanne da girmansa a kan taswira. A sassan arewa ana ƙirga su 1 zuwa 4 daga gabas zuwa yamma, a na yamma daga arewa zuwa kudu. Sashe na 6, da yake a lungu yake, yakan samu bakwai. Ga misali: a ce gefen gabas na sashe na 2 sarƙa 79.20 ne, na yamma 79.60. Cire 60 daga kowanne, wato sahu uku na cikakkun filaye masu sarƙa 20-20, saura 19.20 da 19.60. Tsakaninsu ana raba bambancin daidai: 19.20, 19.30, 19.40, 19.50, 19.60. Gutsure na 1 faɗinsa 20, matsakaicin tsawonsa 19.25, ya ba da eka 38.50. Na 4 kuma eka 39.10. Wanda ya sayi gutsure da lissafin eka 40 ya biya kuɗin ƙasar da babu ita.

Manyan koguna da tafkuna ma suna haifar da gutsattsari. Inda layin sashe ya ci karo da ruwan ana kafa alama a baki, a bi bakin ruwan da gajerun layuka don a fitar da girman fili. Waɗannan layuka na lissafi ne, a mafi yawan lokuta ruwan da kansa shi ne iyaka.

Alamomin kusurwa

A daji mai itatuwa ana kafa turken itace ko dutse, a nemi bishiyoyin shaida, huɗu a kusurwar sashe, ɗaya a kowane sashe, biyu a kusurwar rubu'i. Ana sassaƙe ɓawon ta fuskar da ke kallon kusurwa, a zana lambar tawunshif da jeri da sashe da haruffan BT masu nufin bishiyar shaida, a rubuta a littafin awo irin bishiyar da kaurinta da fuskarta da nisanta. A filin ciyawa inda babu itace ana haƙa ramuka a tara ƙasarsu tsibi, a binne gawayi ko ƙonannen turke a ciki. Dutsen kusurwar sashe na cikin tawunshif ana yi masa tsaga a gefen kudu da na gabas, yawan tsagar shi ne yawan mil zuwa waɗannan iyakoki. Daga wajen 1910 aka koma bututun ƙarfe mai hular tagulla da aka buga wa lambobi, da gargaɗin tarar dala 250 ga wanda ya cire.

Karanta takarda: daga ƙarshe ake farawa

Koma kan layin da muka fara da shi. 6th P.M. ya gaya maka yankin. T. 3 N., R. 5 W. ya ba ka tawunshif. Sec. 14, wato sashe na 14, yana sahu na uku daga arewa a cikin tawunshif ɗin, jeri na biyu daga gabas, 11 a arewansa, 23 a kudunsa, 13 a gabas, 15 a yamma. Kusurwarsa ta kudu maso gabas, bisa lissafin takarda, tana mil 15 arewa da layin tushe da mil 25 yamma da babban layi, kuma idan dutse ne za ka ga tsaga uku a kudu, ɗaya a gabas. NE¼ shi ne rubu'in arewa maso gabas na sashen, eka 160. SW¼ shi ne rubu'in kudu maso yamma na wannan rubu'i, eka 40, mai ƙafa 1,320 ta kowace fuska, kuma kusurwarsa ta kudu maso yamma ita ce tsakiyar sashe.

Girman fili kuwa, ninka lambobin da ke ƙasan kowane kaso, kamar 2 a ½ da 4 a ¼, ka raba 640 da su. N½SW¼NE¼ ya zama 2 sau 4 sau 4, wato 32, ya ba da eka 20. Ka lura da waƙafi ƙwarai. S½NW¼ rabin kudu ne na rubu'in arewa maso yamma, eka 80. Idan aka sa waƙafi, S½, NW¼, an koma fili biyu, rabin sashe da rubu'i, eka 480. Takardar da ta bar sunan babban layi ma ba ta cika ba, musamman a jihar da ke da fiye da ɗaya.

Gano filin a ƙasa

Fara da takardu kafin ka taka fili. Taswirar tawunshif ta asali da takardun mallaka na farko suna shafin intanet na BLM, littattafan awo kuma suna can ko a ma'ajiyar jiha. Ofishin gunduma yana da rajistar kusurwoyin da safiyoyin baya suka gano ko suka sabunta. Karanta littafin awo layi-layi, domin safiyon farko yakan rubuta inda ya tsallaka rafi ko ya hau tudu da adadin sarƙa, kuma waɗannan su ne suke nuna ko da gaske ya bi layin. Kafin 1910 'yan kwangila ne ke aikin ana biyan su kan mil, kuma an samu na bogi, kamar badaƙalar ƙungiyar Benson a Kalifoniya a shekarun 1880, inda aka rubuta awon wuraren da ba a taka ba.

Daga nan ka fitar da inda kake zaton kowace kusurwa take, ka je da na'urar GPS da na'urar gano ƙarfe da shebur. Layukan sashe da ake gani a manhajar taswira na kusantar da kai ne kawai, ba hujja ba ne. A haƙa a hankali, ana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, domin ruɓaɓɓen turke launin ƙasa kawai yake bari, gawayi kuma ɗigo-ɗigo. Kututturen bishiyar shaida yakan riƙe rubutunsa a ciki bayan sabon itace ya rufe shi.

Kowace kusurwa ɗaya ce daga cikin uku. Wadda aka samu alamarta ko shaidunta tana nan, a karɓe ta inda take. Wadda alamarta ta shafe amma akwai hujjar wurinta, kamar tsohon shinge da aka kafa tun alamar na tsaye, ko awon wani safiyo da ya gan ta, ko shaidar mazauna wurin, a mayar da ita bisa wannan hujja. Sai wadda ta ɓata, babu wata hujja sam, ita kaɗai ake mayarwa da lissafi. Gaggawar cewa kusurwa ta ɓata shi ne babban laifi a wannan sana'a, domin lissafi kusan kullum yana ajiye turke a inda na farko bai sa shi ba, kuma shingen mutane na shekara ɗari ya tashi a banza.

Idan ta tabbata ta ɓata, kusurwar rubu'i da ta sashe da ke kan iyakar tawunshif da duk wadda ke kan layin gyara ana mayar da ita da rabo a kan layi ɗaya. A ce littafi ya ba da sarƙa 40.00 da 39.20, jimla 79.20, kai kuma ka auna tsakanin kusurwoyi biyu da ka samu ka ga 79.60. Ninka 40 da 79.60 ka raba da 79.20, ka samu 40.20. Bambancin zobe 20 ne, kimanin mita 4. Irin wannan rara ba abin mamaki ba ce, domin zobban sarƙa suna cinyewa ta ƙara tsawo, sai mil ɗin ƙasa ya fi na takarda. Idan bambancin ya kai sarƙa 5 cif, ka yi zargin kuskuren ƙirga, domin da rabin sarƙa mai ƙafa 33 ake aikin ana ƙirgawa goma-goma. Kuskure irin wannan, idan an gano inda ya faru, a wurin ake barin sa, ba a raba shi a kan layin duka.

Kusurwar sashe ta cikin tawunshif kuwa rabo biyu take bukata. Nemi kusurwa mafi kusa da ke nan a arewa da kudu, ka yi rabo ka samu matsayinta ta wannan fuska. Yi haka da ta gabas da yamma. Ja layin gabas-yamma ta wuri na farko, layin arewa-kudu ta na biyu, inda suka gicciya nan ce kusurwa.

Bayan kusurwoyi takwas na sashe sun tabbata, sai yankan ciki, wanda safiyon gwamnati a takarda kawai ya yi shi. Tsakiyar sashe ita ce magamar layi biyu miƙaƙƙu, ɗaya daga kusurwar rubu'i ta arewa zuwa ta kudu, ɗaya daga ta gabas zuwa ta yamma. Raba layi ɗaya biyu ba ya ba da ita. Kusurwoyin eka 40 suna tsakiyar kowane rabin mil, sai a gefen gutsattsari inda ake raba tazarar gwargwadon 20.00 da abin da taswira ta ba gutsuren. Kada ka auna ƙafa 1,320 daga kusurwa ɗaya ka buga turke, domin idan sashen ya yi rara ko giɓi kowane mai fili yana da kasonsa a ciki.

Na'urar zamani ma tana da nata tarko. Fuskokin da ke littafin awo daga arewa ta gaskiya aka ɗauke su, GPS kuwa sau da yawa arewar taswirar jiha take bayarwa, sai an juya ɗaya zuwa ɗaya. Ƙafa ma iri biyu ce, ta safiyon Amurka da ta ƙasa da ƙasa, bambancinsu kashi 2 cikin miliyan. A mil ɗaya milimita 3 ne kacal, amma a lambar matsayi mai ƙafa miliyan 2 ya zama ƙafa 4. An daina amfani da ta safiyon a sababbin ayyuka daga ƙarshen 2022, tsofaffin bayanai kuwa da ita suke. Kafa iyaka aikin safiyo mai lasisin jihar ne, kuma jihohi da yawa sun wajabta masa ya shigar da bayanin kowace kusurwa da ya sabunta a rajista, da abin da ya samu da abin da ya kafa da shaidun da ya ɗaure ta da su.

Inda tsarin ya karye

Ohayo, da yake a nan aka koyi aikin, tana da tsari iri-iri. A yankin farko lambar sashe ta fara ne daga kudu maso gabas, wasu yankunan kuma tawunshif ɗinsu mil 5 ne. A Louisiana dogayen filayen Faransawa na bakin kogi sun riga tsarin zuwa, aka bar su yadda suke aka ba su lambar sashe, shi ya sa za ka ga lamba ta wuce 36. A Kalifoniya da New Mexico filayen da Sifaniya da Meziko suka bayar suna nan da iyakokinsu, layukan sashe a jikinsu suke tsayawa. Wasu jihohi suna da ƙaramar hukuma da ake kira tawunshif mai suna maimakon lamba, kuma iyakarta ba lallai ta dace da ta awo ba. Yammacin Kanada ya ɗauki irin wannan tsari tun 1871, da mil 6 da sashe 36, sai dai an bar filin hanya tsakanin sassa, kuma sashe na 1 yana kudu maso gabas, na 36 arewa maso gabas, don haka zanen lambobin Amurka ba zai yi maka aiki a takardar Saskatchewan ko Alberta ba.